Sa Hannun da Aka Yi a Tsibirin Al Khor

Ku ukun nan kun tashi da labari ɗaya a kunne, kuma ba daga bakina kuka ji shi ba. Duk hutun da na tura ku Nguru sai kun dawo kuna kallona ta wutsiyar ido, musamman ke Ummi da kika fi su wayo a lokacin. An gaya muku uwarku ta tsare babanku a Doha yana kwance babu baki, ta hana shi zuwa ya ga mahaifiyarsa har Allah ya karɓi abarsa. Ban taɓa musantawa ba ko sau ɗaya. In kun tambaye ni sai in ce ku ci abincinku. To, yanzu shi ma ya kwanta dama, ni kuma na ajiye aiki, gwiwoyin nan sun fara yi mini gardama. Shi ya sa zan rubuta muku yadda aka yi. Kada ku ɗauka ina neman a wanke ni ne. Ban taka ƙazanta ba balle in nemi ruwa.

Dole in fara da tsuntsaye, don in ba ku fahimci wannan ba sauran ba zai shiga ba. Babanku injiniya ne a kamfanin gas, amma rabin zuciyarsa na wurin masu fuka-fuki. A bakin fadama ya tashi, inda yaro yake sanin kukan kirinjijiya tun bai iya ƙirga yatsunsa ba. Da muka zo Doha muka kama gida a unguwar da ake kira Matar Ƙadim, hawa na biyu, sama da wani mai gashin gurasa. Ranar hutu mazan Hausawan unguwar majalisa suke kafawa, ana shayi ana siyasar gida. Shi kuwa sai ya rataya madubin hangen nesa a wuya ya yi arewa, wajen Al Khor, inda akwai wani ɗan tsibiri da bishiyoyi suka kewaye, irin bishiyoyin nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri ba su mutu ba. Abokansa suka sa masa Baturen Nguru. Ni ma ban raga masa ba. Nakan ce namiji da gemunsa ya bar bargo da sanyin safiya don kawai ya je ya kalli zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya. Yana da wani ɗan littafi da yake rubuta sunan duk tsuntsun da ya gani, da Hausa, wanda ba shi da sunan Hausa kuma shi yake raɗa masa. Akwai wasu dogaye masu lanƙwasasshen baki da ke zuwa lokacin sanyi, ƙafafunsu ja kamar an sa musu lalle har gwiwa. Su ya kira amaren ruwa. Sau biyu kacal na taɓa raka shi, duka biyun mita na yi ta yi har muka dawo.

A shekarar da nake ba ku labari, ke Ummi kina aji shida, Sadiƙ yana bin ki, Habibu kuma ko takalmi bai iya sa wa kansa daidai ba. Da hantsi aka kira ni daga wurin aikinsa aka ce ya faɗi. Ni nas ce, na ga shanyewar ɓarin jiki ba adadi, amma ranar da na ga nawa a kan gadon sai ilimin ya gudu ya bar ni. Ɓarin dama ya tafi, magana ta ɗauke. Hankalinsa kuwa yana nan garau, duk abin da aka faɗa yana ji yana ganewa. Bayan wata biyu aka sallamo mu, muka shiga zaryar fisiyo, wato sashen da ake motsa wa mutum gaɓoɓi a koya masa tafiya daga farko. Ya fara tsayawa. Ya fara taku biyar, goma, da sanda. Ranar da ya je banɗaki shi kaɗai na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska.

Ana cikin haka kamfani ya sallame shi, cikin mutunci dai, amma sallama sallama ce. Kun san tsarin ƙasar nan, baƙo ba ya zama sai da kafil, wanda iƙamarsa, wato izinin zamansa, ke ƙarƙashin sunansa. Ni asibiti ne kafil ɗina, shi da ku kuma kuna rataye da kamfani. Da igiyar ta tsinke sai ya rage hanya biyu. Ko dai ya bar ƙasar, ko kuma a mayar da ku duka ƙarƙashin sunana. Na yi zarya na samo takardar. Shafi ɗaya ce, wurin sa hannu biyu, nawa da nasa.

Kafin in kai ga ba shi sai ga Yaya Garba ya sauka. Ba zan zage shi a rubuce ba, kuma ku ma ban yarda ku zage shi ba. Shi ne babban wansu, shi ya riƙe babanku bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sayar da shanunsa ya kai shi makaranta. Babanku har ya yi furfura bai taɓa zama a kujera Yaya yana ɗakin ba. Ya zo da kilishi, da rubutu a jarka, da saƙon Inna kakarku, wadda a lokacin idonta ya tafi, ko mota ba ta iya shiga balle jirgi. Tun daren da ya iso ya shimfiɗa tabarma a gefen gadon ƙanensa, shi ke ba shi abinci a baki, shi ke yi masa alwala. Daga ranar babanku ya daina tafiya. Mutumin da ke zagaya falo da sanda ya koma zaman keke, kai a sunkuye. Na ga ƙauna tana neman kashe mini miji a kan idona.

Kwana uku da zuwansa Yaya ya kira ni falo.

“Hajara, na ji wani zance. Wai ke za ki zama ubangidansa?”

Na durƙusa na ce, “Yaya, takarda ce kawai, don ya ci gaba da ganin likita.”

“Takarda kawai? A je a faɗa a gari cewa Sule yana zaune a ƙasar mutane da izinin matarsa? In ta ga dama ya kwana, in ta ga dama ta kore shi? Ba da raina ba. Inna ta ce a kawo mata ɗanta ta shafa kansa. Na yanki tikiti, ranar Asabar za mu tashi.”

Na ce, “Yaya, in ya fita yanzu iƙamarsa ta mutu, ba zai dawo ba. Kuma a gida wa zai motsa masa wannan hannun?”

“Muna da masu magani.”

Na san abin da za a yi. Za a shimfiɗa masa katifa a ɗakin zaure, a yi ta shigowa ana sannu, ana Allah ya sa kaffara ne, a hana shi ɗaga ko kofi saboda tausayi. Cikin shekara guda gaɓoɓin su sandare, bayansa ya yi gyambo. Na gani da idona a asibitocin gida kafin in zo nan, ba labari aka ba ni ba. Amma kuma na san Inna ba ta yi laifin komai ba, tsohuwa ce tana son ɗanta. Sai na ce abu ɗaya.

“To, Yaya, a tambaye shi mana. Jikinsa ne.”

Yaya ya yi wata dariya mara daɗi, ya juya wurin babanku.

“Sule, za ka bi ni gida?”

Babanku ya ƙara sunkuyar da kai.

“To, kin gani.”

Ban ga komai ba. Na dai ga ƙane a gaban wansa. Ko da bakinsa lafiya lau, abin da zai yi ke nan. Raina ya yi mugun ɓaci, na tashi na fita don kada in faɗi abin da ba zai gyaru ba. Na sauka wurin Sista Rifkatu, maƙwabciyarmu ’yar Kagoro, wadda muke ɗakin jinya ɗaya da ita. Kun tuna ta, ita ce mai kawo muku cincin lokacin Kirsimeti. Na zayyana mata komai ina huci. Ta bar ni na gama, sannan ta ce,

“Maman Ummi, ke kin tambaye shi? Ke da shi, ba kowa?”

“A ina? Yaya ko wanka zai shiga sai ya bar ƙofa a buɗe.”

“To fitar da shi mana. Kawo mini yaran gobe. Yalla, maza, ki daina tsayawa kina cin ranki a kicin ɗina.”

Washegari Juma’a. Bayan an karya na je na durƙusa na ce wa Yaya akwai fisiyo na ƙarshe, za su rubuta masa takardar da zai tafi da ita, kuma mutum ɗaya ake bari ya shiga da mara lafiya. Babu wani fisiyo ranar Juma’a, Yaya ne bai sani ba. Ƙarya na yi, da rana tsaka, ranar Juma’a, kuma na nemi gafarar Ubangiji a kanta, amma ban nemi ta kowa ba. Yaya da kansa ya taya ni sauko da babanku ya sa shi a mota. A jakata akwai takardar, da tikitin da na ɗauke daga kan talabijin, da biro, da filas na shayi. A ƙasan kujera kuma na ɓoye madubinsa da ɗan littafin.

Da muka wuce kwanar asibiti ban karya ba, sai ya juyo ya dube ni. Na ci gaba da tuƙi. Muka bar dogayen gine-gine a baya, hanya ta miƙe, hamada dama da hagu. Can da ya ga allon Al Khor sai na ji yana bubbuga gaban motar da hannun hagu, yana wani sauti a maƙogwaro. Na ɗauka faɗa yake yi. Da na saci kallo sai na ga rabin bakinsa mai rai yana dariya.

Yanzu in kun je za ku tarar an yi gada ta katako, kowa na takawa da takalmin biki yana ɗaukar hoto. A wancan lokacin babu. Wata ’yar siririyar hanya ce ta ƙasa da tsakuwa ta ratsa cikin bishiyoyin, kuma a wurare an yanke ta don ruwan teku ya riƙa shiga yana fita. A irin wuraren nan duwatsu aka jera, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na tura keken har bakin yankan farko, tayoyin suka nutse a laka. Ruwa ya janye a lokacin, bai wuce idon sawu ba. Na tsaya ina haki, ina zagin kaina, ina cewa Hajara kin yi wauta, wa ya ce miki keke na tsallake ruwa. Na ce masa, “Malam, mu zauna a nan, ai nan ma ana ganinsu.”

Ya girgiza kai. Ya miƙa hannu yana nuna sandarsa da na rataye a bayan keken.

Mutumin da ya yi kwanaki ana ba shi tuwo a baki, shi ne ya miƙe. Na tattare zanena na ɗaure a ƙugu, na cire takalmi, na shiga ta damansa na sa kafaɗata ƙarƙashin hannun da ya mutu. Bai bi ta kan duwatsun ba, ta cikin ruwan muka bi, sanda gaba, ƙafar hagu, sannan ya jawo ta dama. Ruwan sanyi ƙarara. Ƙananan ƙaguwa suna ta gudu suna shigewa ramukansu, saiwoyin bishiyoyin nan sun tsattsago daga laka kamar an kafa tsinke, suna sukata a tafin ƙafa. Sau biyu muka kusa kifewa. A karo na biyu na ce innalillahi da ƙarfi, sai ya ɗora yatsa a leɓe yana hararata. Wai in yi shiru kada in kori tsuntsaye. Ina ɗauke da rabin nauyinsa, ina nishi, shi kuma damuwarsa tsuntsaye. A nan na san mijina yana nan, bai je ko’ina ba.

Tafiyar da mai lafiya ke yi kafin shayi ya huce, mu sai da rana ta ɗaga sosai muka gama ta. Tsibirin ba wani abin a zo a gani ba ne, ’yan tuddan farin dutse ne da gajerun ciyayi, ko inuwar kirki babu. Muka bi gaɓa a hankali, muna tafiya muna hutawa, har muka kai wani faffaɗan dutse da ke fuskantar ruwa. Da ganin yadda ya nufe shi na san wurin zamansa ne. Na zaunar da shi, na rataya masa madubin. Hannu ɗaya ba ya iya riƙewa ya kuma juya, don haka ni na riƙe ɓari ɗaya, shi yana murza ɗan abin tsakiya da yatsa. Kanmu a haɗe kamar yara suna leƙen rijiya.

Na zuba masa shayi, sannan na fito da takardu biyun na shimfiɗa a kan dutsen, na danne kowacce da tsakuwa saboda iska. Na ce,

“Malam, ka ji ni da kyau. Wannan tikitin Yaya ne, wannan kuma takardata ce. Nan babu Yaya, babu ’yan majalisa, ni ma ka ɗauka ba na nan. Wadda ka ɗauka ita za a yi. In tikiti ne, wallahi ni zan haɗa maka kaya, in ajiye aikin, in kwashi yaran in biyo ka, kuma ba za ka taɓa jin na yi maka gori ba. In takarda ce, ga biro.”

Ko kallonsu bai yi ba. Ya mayar da idonsa kan madubi.

Haka muka zauna. Da farko zuciyata tafasa take yi, ina cewa a raina mutum ana maganar rayuwarsa yana kallon balbela. Sannu a hankali sai na lura da wani abu. Wata uku ke nan duk wanda ya zo wurinsa surutu yake yi masa, a tambaye shi a amsa masa, a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya wurin, shi kuma yana fama da harshen da ya ƙi motsi. A nan kuwa shiru shi ne ƙa’ida. Mai baki da mara baki duk ɗaya ne, wanda ya fi iya yin shiru ma shi ya fi gani. Sai na kama bakina na bar shi. Ya riƙa taɓa ni da gwiwar hannu yana nuna mini. Ga zalɓe can ya daskare a bakin laka, muka jira shi har na gaji, sai ga shi ya cafko kifi kamar walƙiya. Ga wasu ’yan ƙanana masu saurin ƙafa suna bin bakin ruwa suna tsattsaga. Can nesa kuma, inda ruwan ya yi fari, ga amaren ruwa sun fi ashirin, kawunansu a ƙasa, suna takawa a hankali kamar ba sa son jiƙa zane. Ya miƙo mini madubin duka. Shekara da shekaru yana ba ni labarinsu ina tsaki, ran nan na gansu. Na buɗe littafinsa na ce ya nuna mini shafin, na rubuta masa su da hannuna.

Sai da na rufe littafin ya juyo kan takardun. Ya ɗaga tsakuwa ya ɗauki tikitin. Na riga na yi rantsuwa, don haka ban hana shi ba. Ya ɗora shi a ƙirji, ya danne da tafin hannu, kafaɗunsa suka fara rawa. Ban taɓa ganin babanku yana kuka ba, ko ranar da ya farka ya ga ba ya iya kiran sunana. Ranar ya yi, irin kukan da babu sauti sai hawaye da majina. Na san ba takarda ya rungume ba, Inna ya rungume. Na juya baya na ba shi wuri, ina lissafin akwatuna nawa za su ishe mu.

Sai na ji ƙarar tsakuwa. Ya mayar da tikitin ya danne. Ya jawo ɗayar ya ɗora a cinya, ya cire murfin biron da haƙori. Da hannun hagu ya rubuta sunansa, harafi bayan harafi, a karkace, wani ya hau wani ya sauka, har biron ya kusa huda takardar. Ban taɓa shi ba. Ku maimaita wannan a ranku. Hannuwana suna kan gwiwoyina, kuma Allah yana gani.

Da ya gama ya ɗago ya dube ni, abin da na gani a idonsa tsoro ne. Ya nuna tikitin, ya nuna ƙirjinsa, ya girgiza kai. Na gane. In labari ya isa Nguru cewa an ajiye masa uwa da mata ya zaɓa, kuma da hannunsa ya zaɓi zama, Inna ba sai ta buɗe baki ta ce komai ba. Ɓacin ranta kaɗai ya isa ya bi shi har kabari. Kun san matsayin uwa, ba sai na gaya muku ba. Na naɗe takardar na sa a jaka na ce,

“Khalas, shi ke nan, Malam. Kai ka yi naka. Sauran ka bar mini.”

Da za mu koma ruwa ya ciko har gwiwa, muka sha wahalar da ta fi ta zuwa. An daɗe da saukowa daga masallaci muka isa gida, laka har cinya, gishiri ya bushe fari a jikin zanena. Yaya yana falo da mutum biyu daga ’yan majalisa, sun kira asibiti an ce musu babu wani fisiyo. Na zaunar da babanku, na ajiye tikitin a gaban Yaya, na ɗora takardar a kan tikitin. Wannan karon ban durƙusa ba.

Yaya ya ɗauka ya duba.

“Wane ne ya sa wannan hannun?”

“Ni ce. Na kai shi inda babu kowa, na kama hannunsa na sa. Dubi rubutun mana, Yaya, ai ka san ba haka yake rubutu ba.”

Babanku ya fara dukan hannun kujera yana gurnani, yana ƙoƙarin miƙewa. Na nuna shi na ce,

“Kun gani, tun a can yake fushi da ni. Ya yi ta yi. Takarda dai ta riga ta samu hannu, ranar Lahadi zan kai ta.”

Ɗaya daga cikin baƙin ya ce subhanallahi, ɗayan ya tashi ya nemi takalminsa. Yaya ya dube ni ya ce,

“Allah ya isa tsakaninmu da ke, Hajara.”

Na ce, “Na ji, Yaya.”

Washegari shi kaɗai ya hau jirgi.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Matan unguwa suka janye, a yi suna a yi walima sai dai in ji a bakin Sista Rifkatu, ita da ba a ma gayyata. Aka sa mini Kafil, in na wuce a yi ƙasa da murya. Mahaifina ya kira ni daga Gashuwa ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba, na ce ya yi haƙuri, ban ƙara ko kalma ba. Ni kuwa kowace safiya ina kai mijina fisiyo. Ya ajiye keke, daga baya ya ajiye sanda a cikin gida. Magana ta dawo kaɗan-kaɗan, ba duka ba, amma ta isa ya yi muku faɗa. Ummi, a tsaye ya karɓi gaisuwar dangin mijinki. Sau da yawa ya so ya gaya wa Yaya gaskiya, ni na hana, har muka yi kwana biyu ba ma magana a kan haka. Kada wani cikinku ya ɗauki wannan rubutun ya kai Nguru don a ba ni haƙuri. Ba na so. Ku nake so ku sani, ku kaɗai.

Niyyarmu ita ce da zarar iƙama ta fito, likita ya yarda, mu je ya ga Inna mu dawo. Allah bai nufa ba. Iƙamar ba ta riga ta fito ba aka kira da la’asar aka ce jikin Inna ya yi tsanani, tana son jin muryarsa. Yaya ne ya kira, ya ce a ba Sule, bai ko amsa sallamata ba. Na ƙara murya na riƙe masa wayar a kunne. A lokacin kalmominsa ba su fi biyar ba. Muryar Inna ta fito siririya, tana numfashi tsakanin kalma da kalma.

“Sule, ɗana. An gaya mini komai. Na san da son ranka ne da ka zo. Ba laifinka ba ne, riƙe ka aka yi.”

Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buɗe baki, ya yi ta kokawa da harshen, har ya fito da ita.

“Inna… ni…”

Na ɗora tafin hannuna a bakinsa na danne. Ya kama tsintsiyar hannuna da hagunsa yana ja, na ƙi saki. Hawayensa suna bin bayan yatsuna.

Inna ta ce, “Na ji ka, ɗana, kada ka wahalar da kanka. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka. Ita kuwa matar nan, na bar ta da Allah.”

Sai da ta gama tsaf na ɗauke hannuna. Na sunkuya kusa da wayar, na ce amin, Inna.